Latin a Bakin Turmi

Sun rushe ajinmu. Ban ji labari ba sai da na bi ta wurin makon jiya zan je gaisuwar mutuwa, na tarar babu katanga, babu tagogin katakon nan da suke ƙara duk lokacin da iska ta taso daga kogi, har bishiyar dogon yaron da muke fakewa a ƙarƙashinta an sare ta. Fili ne fetal, manyan kamiyo sun yi layi suna jiran duwan, ma'aikatan kwastan, su sallame su, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a inuwar motocinsu suna dafa shayi. Na tsaya tsakiyar hanya ina ƙoƙarin gane inda bencina yake, har wani ɗan kabu-kabu ya taka birki ya ce, "Hajiya, kin ɓace hanya ne?" Na ce masa ya wuce abinsa. Da zan gaya masa cewa daidai inda wancan direban yake wanke ƙafa na koyi Latin, da ya ɗauka tsufa ya fara taɓa mini kai.

Yanzu babu mai koyar da Latin a Gaya, kuma babu wanda yake kewarsa sai ni. Jikokina idan suka ci karo da kalmar da ba su sani ba, salula suke dannawa ta faɗa musu kafin ƙiftawar ido, gobe kuma sun manta. Ɗaya daga cikinsu, wanda gemunsa bai gama haɗewa ba amma ya fara gyara wa mutane salla, ya ga tsohon littafin rubutuna, ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Kaka, ashe karatun kiristoci kinka yi? Allah shi gafarta miki." Na ce amin, shi ma Allah ya gafarta masa rashin kunya. Ban taɓa barin salla saboda Latin ba, na yi azumina, na je Makka na dawo, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kan abin da na sani ba. Maganar tasa ma ba sabuwa ba ce a kunnena. An faɗa mini ita tun ina budurwa, kuma waɗanda suka faɗa sun fi shi gemu nesa ba kusa ba.

Ni mutuniyar Tanda ce. Babana manomi ne, gero a tudu, shinkafa a fadama, kuma ba don son boko ya sa ni lakwal ba. A wancan zamanin kowane gida sai ya ba da yaro ɗaya ko yana so ko ba ya so. Yayyena maza suna riƙe da hauya, ba zai iya rabuwa da su ba, sai ya miƙa ni, yana cewa in an ga kaina ba ya ja za a koro ni. Kaina kuwa ya ja. Na ci jarrabawa aka ce koleji a Gaya, aka ajiye ni gidan ƙanwar babana, Gwaggo, mai soya kifi kusa da bakin ruwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini, bai kuma taɓa ɗaga mini hannu ba. Fushinsa shiru ne, shirun da zai kai ka roƙi a dake ka ka huta.

Mushenmu, wato malaminmu na Latin, mutumin ƙetaren kogi ne, siriri, mai keke da gilashin da aka ɗaure ƙafarsa da zare. An ce ya yi karatun zama fada, limamin coci, ya fasa. Littattafan da aka ce za a aiko mana ba su taɓa isowa ba, sai ya ɗauko wani tsohon littafi nasa, duk mako ya kwafe mana yanki guda na wani labari a kan allo, a gefe ya jera kalmomi sababbi. Pater uba, filia ɗiya, ignis wuta, oleum mai. Mu kwafe, mu haddace, mu juya zuwa Faransanci. Ƴan ajinmu suna ƙin darasin nan kamar maganin zazzaɓi, ni kuwa ban ga baƙon abu a ciki ba. Tun ina ƙarama nake jin karatu ta bayan katangar zauren Baffa Malam, yayan babana: almajirin ilimi ya karanto kalmar Larabci, Baffa ya ba shi Hausarta, kalma ɗaya ma'ana ɗaya, ba gaggawa. Haka na riƙa bin Latin, na sa yatsa a kan kalma, ba na ɗagawa sai ta ba ni abin da ke cikinta. Mushe yana da magana guda da yake maimaitawa har muka gaji, cewa mai fassara ba shi da izinin ƙara gishiri, ba shi da izinin ragewa, ko da abin da ke rubuce bai yi masa daɗi ba. Idan ka tsallake kalma don ta yi maka wuya, sai ya zagaye wurin da jan alƙalami ya rubuta, "Ina ka kai ta?"

Gidan Gwaggo ba wurin zama da littafi ba ne. Da asuba ɗiban ruwa a kogi, da rana bayan an tashi lakwal fere kifi har ƙaya ta gama da yatsuna, da la'asar daka. Ƴan matan yanzu inji suke kai wa hatsi, ba su san yadda gari yake ɗaukar ƙarar taɓarya daga kowane gida a lokaci guda ba, har ba ka jin kiran masunta daga bakin ruwa. A bakin turmin nan na yi haddata. Kowace kalmar Latin tana sauya wutsiya bisa ga aikin da take yi a magana, dole ka san dukkan wutsiyoyin da ka, sai na ɗora su a kan bugun taɓarya. Pater, in buga. Patrem, in buga. Patris, patri, in cilla taɓarya sama in tafa in cafe. Gwaggo takan leƙo daga wurin suya ta ce, "Ke dai in dai garin ya yi laushi, ki yi ta kiran aljanunki."

Labarin da muke fassarawa na mutanen farko ne da suka bi Annabi Isa a ƙasar Rumawa. Wata yarinya ce, ɗiyar mai sayar da man zaitun, aka kama ta aka kai gaban gwamna. Abin da aka nema daga gare ta kaɗan ne, ta ɗebi turare da yatsu ta zuba a wuta gaban gunkin sarki, ta koma gida. Ta ce ba za ta zuba ba. Aka kulle ta, aka hana ta ruwa, ba ta sauya ba. Sai aka ɗauko ubanta, tsoho, wanda ba ya bin addininta, don ya lallashe ta. Mako-mako muke samun labarin, yanki-yanki, Mushe kuwa ko ka yi masa kuka ba zai faɗa maka abin da ke gaba ba. Na kan kwana ina tunanin yarinyar nan kamar ƙawata ce ta tsallaken gida.

Maƙwabcin Gwaggo wani tsoho ne Badendi da ya taɓa yi wa fada kuku a ƙetare. Shi ya ji ni ta kan danga ina daka, ya gane harshen, domin da shi ya ji fada yana ibada shekara da shekaru. Bai yi ƙarya ba, bai kuma yi da mugunta ba, ya dai faɗa wa wani, wani ya faɗa wa wani, kafin kasuwa biyu magana ta isa Tanda cewa ɗiyar wane tana sallar Nasara a bakin turmi. Ranar kasuwa na dawo daga lakwal na tarar da takalman maza biyu a ƙofar rumfa. Gwaggo ta janye ni bayan murhu ta yi ƙasa da murya.

"Ubanki da Malam sun zo, sun ce ki kawo takardun ki karanta musu. Saurara, ɗiyata. Duk cikinsu babu mai jin harshen ga. Ki ce labarin manomi ne da damina, ki ce labarin kura ne, duk abin da ya zo bakinki. Su sha ruwa su tahi, ke ki ci gaba da karatunki."

Gaskiyarta ce, babu wanda zai kama ni. Na kuma san idan na faɗi abin da ke ciki, mai yiwuwa ranar nan ce ta ƙarshe da zan sa ƙafa a aji. Ina son lakwal, ina son ta fiye da yadda zan iya faɗa ko yanzu. Amma da na durƙusa na gaishe su, na ga babana ya sha tafiya tun safe, ƙura har gwiwa, idonsa a ƙasa, sai na ji raina ya ƙi. Ban yi wahalar koyon kalmomin nan don in mayar da ubana wawa a gaban ɗan'uwansa ba.

Baffa Malam ya ce, "Yadda muke yi a zaure za ki yi. Ki faɗi kalmarsu, ki faɗi tamu. Kada ki yi mini tsalle."

Na buɗe littafi na sa yatsa. Na fara karantawa. Na faɗi kamun, na faɗi gwamna, na faɗi sunan Annabi Isa yadda suka rubuta shi da abin da suke kiransa, ban sassauta ba, Baffa ya yi a'uziyya ya ce in ci gaba. Da na kai wurin gunki da turare, ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Gunki anka ce ta yi wa hayaƙi?"

"I, Baffa."

"Ta ƙiya?"

"Ta ƙiya."

Ya shafa gemu ya ce, "To nan kam ba ta yi laihi ba. Wuce."

Gwaggo ta saki numfashi daga bakin ƙofa, ta ɗauka an tsira. Ni na san abin da ke shafi na gaba. Na karanta yadda tsohon ya shigo kurkuku, ya tuna mata shi ya goya ta da uwarta ta rasu, ya ce ta dubi tsufansa, ta dubi yadda mutanen kasuwa suke nuna shi da baki. Na karanta yadda ta yi kuka, ta sumbaci hannunsa, ta ce masa a'a. Kalmar nan ta a'a na faɗe ta da Latin, na faɗe ta da Hausa, na rufe littafi, domin nan muka tsaya a aji.

Sai lokacin babana ya ɗago. Bai damu da gunki ba, bai damu da gwamna ba.

"Ubanta ya roƙe ta, ta ce a'a."

"Haka aka rubuta, Baba."

"Shi ne abin da aka koya muku. To ke fa, Uwata? In na ce ki bar lakwal yau, mi za ki ce?"

Gwaggo tana yi mini alama da ido in yi shiru. Na ce, "Zan bi ka gida, Baba, don kai ka haife ni. Amma in ka tambaye ni ko na yarda, zan ce ban yarda ba."

Babana ya miƙe ya ce in ɗauko akwatina. Baffa Malam bai motsa ba, ya tambaye ni yadda yarinyar ta ƙare. Na ce ban sani ba, saura yanki uku. Ya juya ga ƙanensa ya ce shi a zaurensa ba a ajiye littafi a tsakiya, kowane iri ne, domin rabin karatu ya fi lalata kai, kuma wanda ya ji farkon magana ya kamata ya ji ƙarshenta kafin ya yanke hukunci. Ina zaton shi kansa Baffa so yake ya ji ƙarshen, amma bai faɗa ba. Babana ba ya musu da yayansa a gaban mata. Ya sa takalmi ya ce, "Ki ƙare. Ranar da kinka ƙare, ki taho da akwatinki, ki kawo mini ƙarshen da bakinki."

Makonni ukun nan ban taɓa karatu irin nasu ba. Gwaggo ta ce mu je wurin shugaban koleji, hukuma tana iya kiran babana ta tilasta masa ya bar ni. Na ce ba za a tsayar da ubana gaban kwamanda ana yi masa tsawa ta bakin tafinta saboda ni ba. Ƙawayena suka ce in roƙi Mushe ya riƙa ba mu layi ɗaya a mako, labarin ya kai shekara. Ban ko gaya masa abin da ake ciki ba. Na ci gaba da daka ina rera kalmomina, na ma ƙara murya don tsohon kukun nan ya ji da kyau. Ranar da muka sami yankin ƙarshe na fassara shi ba kuskure ko ɗaya, Mushe ya karanta nawa a gaban aji. Washegari na naɗe tabarmata, na sa littattafai a akwatin kwano, na yi gammo na ɗora a ka. Gwaggo ta raka ni har bayan gari tana kuka tana zagina.

Na isa Tanda bayan azahar. Lokacin sussukar shinkafa ne, na tarar da babana a masussuka shi da yayyena, ƙaiƙayi ya rufe musu gashin ido. Na sauke akwati a gabansa na gaishe shi. Ya kori yayyena, ya aika a kira Baffa, suka zauna a kan dami. Na karanta kamar wancan karon, kalmarsu, kalmarmu. An sake fito da ita, an sake miƙa mata turare, ta dunƙule hannu. Aka fitar da ita bayan gari aka sare ta da takobi. Mai rubutun ya rufe da yabonta da addu'a irin tasu.

Baffa ya ce inna lillahi. Babana yana murza zangarniyar shinkafa a tafin hannunsa.

"Tsohon fa?"

"Wane tsoho, Baba?"

"Ubanta. Mi ya same shi bayan nan?"

Na koma baya na bi layukan da yatsa, ko na tsallake wani abu. Ban tsallake ba. Na ce, "Ba a sake ambatonsa ba."

"Ko layi guda?"

"Ko kalma guda, Baba."

"Wa ya ɗauko gawarta? Wa ya gina mata kabari? Shi ya koma gida ya tarar da tabarmarta, shi ya buɗe rumfar mai da sahe mutane na kallonsa. Duk wannan ba su ga abin rubutawa ba?"

Na so in ce wataƙila an rubuta a wani wuri, na so in ƙirƙiro masa ƙarshe mai sanyi, cewa tsohon ya sami haƙuri, cewa maƙwabta sun kewaye shi. Na ga yana bukatar hakan, kuma ba zai taɓa sanin na ƙara ba. Na ce, "Abin da ke nan ke nan." Makonni na yi ina kwana da yarinyar nan a raina, ban taɓa tambayar ina ubanta ya shiga ba, sai da wanda bai san harafi ɗaya na boko ba ya tambaya. Kunya ta kama ni, amma ban janye maganata ta Gaya ba, shi ma bai ce in janye ba. Ya tashi ya koma sussuka. Na kai akwatina ɗakin innata, na ɗauki taɓarya na shiga aikin gida, na sa a raina karatu ya ƙare.

Da gari ya waye, bayan ya dawo daga masallaci, na ji ya ce wa innata ta fito masa da akwatin. Na ɗauka ƙona littattafan zai yi, na fito na tsaya a tsakar gida na dafe ƙirji, na shirya in kalla ba tare da na yi kuka ba. Sai ya naɗe rawaninsa ya yi gammo da shi, ya ɗora akwatin a kansa. A garinmu magidanci mai furfura ba ya ɗaukar kayan ɗiya mace a ka, ga yayyena uku a tsaye, ga jaki a ɗaure. Babban yayana ya ruga zai karɓa, ya daka masa tsawa. Bai bi ta bayan gari ba. Ta tsakiyar gari ya bi, ta gaban masallaci, ta gaban majalisar dattawan da suka yi ta yaɗa cewa na bar addini, yana yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, ina biye da shi hannu wofi. Babu wanda ya iya tambayarsa ina za shi.

Sai da muka yi nisa a hanyar Gaya, gonaki sun rufe garin, ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Kada ki ce na yarda, Uwata. Ban yarda ba."

"Na ji, Baba."

"Ina dai son in san inda kike kwana, kuma in ke ce yarinyar littafin nan, a same ki da rai."

Na gama koleji, na wuce gaba, na yi shekaru ina tafinta a ɗakin shari'a, talaka ya faɗi tasa in juya wa alƙali ba ƙari ba ragi, ko da alƙalin ya ɓata rai. Babana ya zo Gaya sau da yawa, ya ci tuwon gidana, ya yi wa ƴaƴana huɗuba. Har ya koma ga Allah bai ce ya yarda ba, ni ma ban taɓa ce masa na tuba ba. Ni na zauna a kansa ranar da ya cika, ni na rufe masa ido.